Norwe Ba Ta Rufe Fiyod Ba, Hayaƙi Ta Hana

Tun da aka fara maganar dokar 2026, wani labari yake ta yawo a bakin masu sha'awar tafiye-tafiye, har da 'yan'uwanmu da ke karatu ko aiki a Turai. Wai ƙasar Norwe ta hana jiragen ruwa shiga fiyod-fiyod ɗinta, wato ruwan nan mai kwanciya tsakanin duwatsu, wanda bai je ba ya makara. Wasu har da ƙarin gishiri, wai yanzu sai ta hannun kamfani mai ɗan jagora ake samun izinin shiga. Babu ko ɗaya da yake gaskiya. Jirage na shiga suna fita kullum, lokacin zafi da na sanyi, kuma tikiti na nan ga duk mai kuɗin saya.

Ga yadda abin yake. A 2018 majalisar dokokin Norwe ta yanke shawarar cewa zuwa 2026 jiragen yawon buɗe ido da na fasinja su daina fitar da hayaƙi a cikin fiyod-fiyod ɗin da UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya tun 2005, wato yankin Geiranger da yankin Naeroy. A 2024 gwamnati ta raba dokar gida biyu. Jiragen fasinja da girmansu bai kai tan 10,000 ba, dokar ta hau kansu daga 1 ga Janairun 2026. Manyan kuwa aka ɗaga musu ƙafa har zuwa 1 ga Janairun 2032. Fiyod biyar kacal dokar ta shafa, cikin sama da dubu da ke gaɓar ƙasar. Ba mutum aka hana ba, ba jirgi aka hana ba, abin da injin yake fitarwa aka sa wa ido.

To me ya sa sai a nan? Ai teku na da faɗi, iska kuma ba ta da shamaki. Wannan tambayar ce take kai mu ga kuskuren da ya fi damuna. Mutane da yawa in sun ga bidiyon ruwan nan mai kwanciya tsakanin duwatsu sai su ce kogi ne, ko tafki, wasu ma su ce madatsar ruwa ce Turawa suka gina. Fiyod ba kogi ba ne. Teku ne, ruwan gishiri, da ya kutso cikin ƙasa ta wani kwari mai zurfi. Sogne, wanda ya fi kowanne tsawo a Norwe, ya shiga cikin ƙasa kimanin kilomita 205, kuma a wani wurin zurfinsa ya haura mita 1,300. A bakinsa kuwa, inda yake haɗuwa da babban teku, zurfin bai wuce mita 100 zuwa 200 ba. Wato ciki ya fi waje zurfi nesa ba kusa ba.

Kogi ba zai iya wannan aikin ba. Ruwan kogi gangara yake bi, da zarar ya kai daidai da fuskar teku ƙarfinsa ya ƙare, ba ya iya ci gaba da haƙa. Ƙanƙara ce ta yi haƙan. A cikin shekara miliyan biyu da rabi da suka wuce, sau da yawa ƙanƙara ta lulluɓe arewacin Turai, kaurinta ya kai kilomita biyu zuwa uku a wasu wuraren. Ƙanƙara mai wannan nauyi ba ta zama wuri ɗaya. Tana malala a hankali zuwa teku ta cikin tsofaffin kwaruruwa, ƙasanta cike da tsakuwa da manyan duwatsun da ta ɓamɓaro a hanya.

Duk wanda ya tashi a gidan da ake niƙa da hannu ya san tsohon dutsen niƙa. Shekara da shekaru ɗan dutse na kai da komo a kansa, sai ka ga tsakiya ya lotsa ya zama kwarmi mai santsi, amma bakin dutsen yana nan da tudunsa, domin a tsakiya mai niƙa take danna nauyinta, kafin hannu ya kai baki ƙarfin ya ragu. Haka ƙanƙarar ta yi wa Norwe. A can ciki, inda duwatsu suka matse ta, ta fi kauri da nauyi, sai ta ci ƙasa sosai. Da ta iso gaɓa ta samu fili sai ta baje, ta yi sirara, ta zubar da tarkacen da ta ɗauko. Shi ya sa bakin fiyod yake da tudu a ƙarƙashin ruwa. Kuma teku bai iya tsayar da ita ba, domin kafin ƙanƙara ta taso kan ruwa sai zurfin ruwan ya kai kusan kashi tara cikin goma na kaurinta. Mai kaurin mita 1,000 tana nan zaune daram a kan dutse tana niƙa, ko da tana ɗaruruwan mitoci ƙasa da fuskar teku. Da sanyin ya ja baya, kimanin shekara 11,700 da suka wuce, ƙanƙarar ta narke, teku ya cika kwarmin.

Wannan siffar ce ta sa wurin yake da kyau, ita ce kuma ta sa hayaƙi yake zama matsala. A Naeroy akwai inda faɗin ruwan bai wuce mita 250 ba, ga bangon dutse hagu da dama ya miƙe sama da mita 1,000. Ranar da babu iska, sanyin ruwan yana sanyaya iskar da ke ƙasa, ta yi nauyi ta kwanta, iska mai ɗumi ta rufe ta daga sama. Duk abin da bututun jirgi ya fitar nan zai tsaya. Babban jirgin shaƙatawa kuma sau da yawa ba ya kashe injinsa don ya tsaya a tasha, domin kicin da fitilu da na'urorin ɗakuna duk da injin suke aiki. Ka auna: Flam, da ke bakin ruwa a wannan yankin, ƙauye ne da mazaunansa ba su kai 500 ba, sai ga jirgi ɗauke da mutum 3,000 ko fiye ya wuni a gabansa yana turnuƙa. Mutanen wurin su suke shaƙa, baƙi kuwa da yamma sun tafi. Tun 2019 aka fara tsaurara ƙa'idar irin man da jirage za su ƙona a waɗannan wuraren, dokar yanzu ci gaba ce a kan waccan.

Akwai kuma wata tafiyar yini ɗaya zuwa yankin Naeroy da mutane suke fargabar an soke, alhali kusan ita ce abin da dokar ba ta taɓa ba. Ana sayar da ita da sunan Norway in a Nutshell, amma babu ɗan jagora a cikinta, babu mota ta musamman. Tikitocin sufurin jama'a ne aka jera su bi da bi. Kana iya sayensu a dunƙule, kana iya sayen kowanne daban.

Da safe ka shiga jirgin ƙasa daga Bergen, garin da ya yi ɗaruruwan shekaru yana cinikin busasshen kifin nan mai tauri da har yau Najeriya take cikin manyan masu sayensa daga Norwe. Awa ɗaya da 'yan mintoci ka isa Voss. Bas na jira a wajen tasha, ta kai ka Gudvangen cikin kimanin awa ɗaya. Daga nan sai jirgin ruwa, awa biyu, ta cikin Naeroy a karkata zuwa reshen Aurland har Flam.

Wannan zangon ya cancanci a tsaya a kansa. Jirgin da ake kira Future of the Fjords ya fara aiki a 2018, yana ɗaukar mutum 400, kuma batir kaɗai yake amfani da shi. An yi jikinsa da wani abu mara nauyi don kada ya ci wuta da yawa, an kuma zagaye shi da barandar da take hawa a karkace, mai keken guragu ma yana iya kaiwa sama. In ka tsaya a waje ba ka jin ƙugin inji, ba ka jin warin gas. Kana jin ƙarar ruwan da yake zubowa daga kan dutse tun kafin ka hango shi. Za ku wuce Undredal, ƙauyen da awakinsa suka fi mutanensa yawa, wanda cukunsa ya yi suna, ga ƙaramin cocinsa na katako. Sai ka hangi gona can a maƙale a jikin dutse, ka rasa ta ina masu ita suke hawa. A Gudvangen akwai wata tasha mai iyo a kan ruwa, da nata babban batir a ciki. Tana shan wuta sannu a hankali daga layin garin duk yini, in jirgi ya iso ta juye masa cikin kimanin minti 20. An yi haka ne domin layin wutar ƙauyen ba zai iya ɗaukar cajin jirgi kai tsaye ba. Wutar kanta kusan kashi 90 cikin 100 a Norwe daga ruwa ake samunta.

Daga Flam sai jirgin ƙasa mai hawan dutse. Kilomita 20 ne kawai, amma yana cin kusan awa ɗaya, domin daga bakin teku yake tashi har Myrdal mai tsayin mita 866. A mafi yawan hanyar, kowace mita 18 da aka yi gaba an hau mita ɗaya. Akwai rami 20 da aka huda cikin dutse, 18 daga ciki da hannu aka haƙa su, a wani ma jirgin yana juyawa gaba ɗaya a cikin dutsen. An buɗe layin a 1940, aka sa masa lantarki a 1944. Yana tsayawa kamar minti biyar a Kjosfossen, a sauko kan dandamali, feshin ruwan na jiƙa maka fuska da riga, ƙarar ta hana ka jin wanda ke kusa da kai. A Myrdal, tashar da mota ba ta zuwa, za ka haɗu da babban layin Oslo zuwa Bergen, wanda aka buɗe a 1909, ka koma inda ka fito ko ka zarce Oslo.

Saboda haka jirgin ƙasan Flam ya shekara 80 bai san hayaƙi ba, jirgin ruwan kuma ya riga dokar da shekara takwas. A nan ne nake ganin mahukuntan Norwe ba su yi abin da suka faɗa ba. Wasu masu ƙananan jirage sun zuba kuɗi, sun cika sharaɗi kafin lokaci. Manyan, waɗanda su ne asalin abin da aka yi kuka da shi, an ƙara musu shekara shida. Hujjar gwamnati ita ce fasahar da za ta tafiyar da babban jirgi ba hayaƙi ba ta kankama ba, kuma garuruwan suna cin abinci daga baƙin da jiragen suke kawowa. Hujja ce mai nauyi, ban raina ta ba. Amma tun 2018 kamfanonin suka san wa'adin, kuma dokar da take kama ƙarami ta jira babba tana koya wa kowa cewa jinkiri yana da riba.

Ga mai niyyar zuwa, abin kiyayewa ba doka ba ne, agogo ne. Tazarar da ke tsakanin bas da jirgi gajera ce, kuma babu mai kiran sunanka in ka tsaya ɗaukar hoto. A watan Yuni hasken rana yana kai awa 19 a Bergen, a Disamba kuwa bai kai shida ba, don haka mai tafiyar hunturu ya zaɓi jadawalin da zai sa shi kan ruwa da tsakar rana, ya kuma duba lokutan salla tun kafin ya fito. Riƙe rigar ruwa da ta sanyi ko da a Yuli ne. Yi guzuri, abinci a Flam da tsada. Norwe ba ta cikin Tarayyar Turai amma tana cikin Shengen, bizar da ta kai ka Jamus ko Faransa za ta kai ka Bergen. A lokacin zafi kujerun jirgin Flam da na ruwa suna ƙarewa da wuri, sai ka saya tun da sauran kwanaki. Duk wanda ya ce maka sai ka biya shi kuɗin izinin shiga fiyod, kada ka ba shi ko sisi, babu irin wannan izinin.