Ko Kun Sani? Dangin Yumɓu da Ya Fi Ƙarfe Jure Wuta

Ko kun sani cewa a cikin dangin yumɓu akwai wani sinadari, hafniyam kabayid, wanda ba ya narkewa sai zafi ya kai digiri 3,958 a ma'aunin Salshiyas, kamar yadda masana na Kwalejin Imperial da ke Landan suka tabbatar a shekarar 2016, alhali baƙin ƙarfe yana zama ruwa tun a digiri 1,538, tungistan kuwa, wanda babu kamarsa a duk ma'adinan ƙarfe wajen jure zafi, yana sallamawa a digiri 3,422?

Da yake wutar da ke ci a cikin injin roka takan zarce digiri 3,000, wajibi ne a nemi abin da zai tsaya a maƙogwaron da take fita ba tare da ya lalace ba, shi ya sa masu bincike suka duƙufa kan wannan sinadari da ire-irensa. Haka kuma a masana'antu, inda bakin wuƙar ƙarfe yakan yi laushi idan gogayya ta tsananta, ana yanka da bakin alumina ko na silikon naitirayid, waɗanda su ma dangin yumɓu ne, domin taurinsu yana nan daram ko da zafi ya haura digiri 1,000.

Dalili kuwa shi ne, ƙwayoyin zarra da Allah Ya halicci waɗannan sinadarai da su suna riƙe da juna da ƙarfi matuƙa, har wuta ba ta iya raba su da sauƙi, sai dai wannan riƙon ne kuma ya hana su lanƙwasawa, ta yadda bugu mai tsanani yakan tsaga su nan take.