Mayun Salem: A Kan Dandamali Da Gaban Kyamara

Yau za mu leƙa Salem, wani ƙaramin gari a Massachusetts ta Amurka, inda a shekarar 1692 zargin maita ya tashi kamar gobarar daji. Kafin wutar ta mutu, an rataye mutum 19, an danne wani tsoho mai suna Giles Corey da duwatsu har ya cika, wasu kuma suka mutu a kurkuku suna jiran shari'a. Shaidar da aka kafa musu yawanci bakin wasu 'yan mata ne, masu faɗuwa ƙasa suna birgima suna cewa kurwar wane ko wance ce ke shaƙe su.

Daga wannan tarihi Arthur Miller ya gina wasan kwaikwayonsa The Crucible, sunan da ke nufin tukunyar da ake narka ƙarfe a ciki. An fara nuna shi a New York ranar 22 ga Janairun 1953, ya kuma ci kyautar Tony a shekarar. Shekara 43 bayan haka, a 1996, Miller da hannunsa ya sake rubuta labarin don fim, Nicholas Hytner ya ba da umarni. Marubuci ɗaya ne, labari ɗaya ne, amma wanda ya kalli biyun zai fito da abubuwa biyu daban a zuciyarsa, kuma bambancin ya fara ne tun daga mintin farko.

A kan dandamali, da an ɗaga labule sai ga ɗan ƙaramin ɗaki a saman gidan Fasto Samuel Parris. 'Yarsa Betty na kwance ba ta motsi, shi kuma ya durƙusa gefen gado yana addu'a. An ce jiya da dare ya kama 'yan mata suna rawa a daji tare da baiwarsa Tituba. To, mai kallo bai ga rawar ba, kuma ba zai taɓa ganinta ba. Sai dai ya ji wannan ta faɗi kaɗan, waccan ta musanta, wata ta yi suɓul da baka ta ce ɗaya daga cikinsu, Abigail, ta sha jini don ta hallaka matar wani magidanci mai suna John Proctor. Da haka mai kallo ke tsintar kansa a kujera ɗaya da alƙalan Salem, ba abin da ke hannunsa sai magana, shi zai tace ta ya san wadda zai ɗauka.

Fim kuwa bai ɓoye komai ba. Yana buɗewa da 'yan matan suna sulalewa daga gidajen iyayensu cikin duhu, suna gudu cikin itatuwa zuwa inda Tituba ta ɗora tukunya. Kowacce na ambaton sunan saurayin da take so. Sai Winona Ryder, wadda ta fito a Abigail, ta kashe kaza ta shafe bakinta da jinin. Abin yana ɗaukar ido ƙwarai, sai dai kuma ya raba gardamar da ya kamata ta daɗe. Mai kallo ya riga ya san wasan yara ne da ya wuce gona da iri, don haka yana kallon alƙalan daga sama, yana mamakin wautarsu. A nan fim ɗin ya yi asarar abin da ya fi komai tsada a wasan, wato tsoron nan na cewa da kai ne a kujerar, wataƙila da kai ma ka gaskata.

Duk wanda ya taɓa ganin yadda ake kama maye a unguwa ya san wannan tsoro. Yaro na cikin zafin zazzaɓi ya ambaci sunan wata tsohuwa, kafin a ankara taro ya cika ƙofar gidanta ana cewa ta fito ta tsallaka shi. Babu wanda ya ga komai da idonsa, amma kowa ya ji an ce.

Shi Miller ya san wannan daga nasa zamanin. Lokacin da yake rubutun, Amurka na cikin farautar 'yan kwaminisanci, wani kwamitin majalisar wakilai na kiran marubuta da 'yan fim yana neman su ba da sunayen abokansu. Amininsa Elia Kazan ya ba da sunaye a 1952. A 1954 aka hana Miller fasfo don kada ya je Brussels kallon wasan nasa. A 1956 aka kira shi gaban kwamitin, ya yarda ya yi magana a kan kansa, ya ƙi ambaton kowa. Aka same shi da laifin raina majalisa a 1957, kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin a 1958. Waɗanda suka cika zauren a 1953 sun san Salem ɗin da ake nufi tana bakin ƙofa. Masu kallon 1996 ba su da wannan nauyi a ka, shi ya sa fim ɗin ya ƙara jingina da soyayyar da ta lalace tsakanin Proctor da Abigail. Ita ma wannan soyayya ƙirƙirar Miller ce: Abigail ta gaskiya yarinya ce 'yar shekara 11 ko 12, Proctor kuma dattijo mai kusan 60. Marubucin ya ɗaga ta zuwa 17, ya sauko da shi zuwa magidanci mai jini a jika.

 

Kada a ɗauka fim ɗin 1996 bai kawo nasa ba. Wasan dandamali babi huɗu ne a ɗakuna huɗu: ɗakin Betty, gidan Proctor, wani ɗaki a jikin majami'ar da aka mayar kotu, sai kurkuku. Garin kansa ba a ganinsa. Hytner ya gina ƙauye sukutum a wani tsibiri a gaɓar Massachusetts, ya cika shi da jama'a. A nan ne ake ganin abin da dandamali ba ya iya ɗauka: taro yana sowa ana rataye maƙwabtansu, sannan a hankali sowar ta riƙa raguwa har ta koma shiru. Mutuwar Giles Corey ma, a wasan labarinta kawai Elizabeth, matar Proctor, ke ba mijinta, a fim kuwa ana ganin dutse bisa dutse a ƙirjin tsohon.

Wurin da ya fi kyau a gwada biyun shi ne inda aka kira Elizabeth Proctor gaban alƙali Danforth. Mijinta ya riga ya tona asirin kansa, ya ce ya yi lalata da Abigail, ya kuma rantse cewa matarsa ba ta taɓa ƙarya ba. Danforth ya sa Proctor da Abigail su juya baya, ya ce wa Elizabeth kada ta kalli kowa sai shi, sannan ya tambaye ta ko mijinta mazinaci ne. Ba ta san ya amsa ba. Don ta rufa masa asiri, ta ce a'a, kuma da wannan ƙarya guda ta rusa shi. A dandamali kana ganin su duka a lokaci ɗaya, bayan mijin, bayan yarinyar, matar a tsakiya tana neman inda za ta sa ido, zauren kuma ya yi tsit. A fim kyamara na matsowa kan fuskar Joan Allen, wadda ta fito a Elizabeth, kana ganin leɓenta na rawa, kana ganin lokacin da ta yanke shawara. A nan kam fim ya biya bashinsa, kuma ba banza aka sa sunanta cikin 'yan takarar Oscar ba, kamar yadda aka sa na Miller a kan rubutun.

Ƙarshen ma hanya ta rabu. A duka biyun Proctor ya sa hannu a takardar amsa laifin maita don ya tsira, sannan da ya ji za a liƙa ta a ƙofar majami'a ya yage ta. A fim, Daniel Day-Lewis, wanda ya fito a Proctor, na tsaye kan dakalin rataya tare da wasu mata biyu da aka yanke wa hukunci, Rebecca Nurse da Martha Corey, suna karanta Addu'ar Ubangiji ta Kirista, igiya ta katse su kafin su rufe. Wannan yana da tushe a tarihi, ko da yake ba a bakin Proctor ba. Ranar 19 ga Agustan 1692, ranar da aka rataye Proctor, wani fasto mai suna George Burroughs ya karanta addu'ar ba tuntuɓe a gindin igiya, alhali mutanen lokacin sun yi imani maye ba ya iyawa. Jama'a suka girgiza, amma duk da haka aka rataye shi.

A dandamali ba a ganin igiya. Ana fita da Proctor da Rebecca, wani fasto mai suna Hale na roƙon Elizabeth ta bi mijinta ta lallashe shi, ta ƙi. Tana riƙe da ƙarfen tagar kurkuku, hasken safiya na sauka a fuskarta, daga waje kuma ana jin ganguna suna ta ƙara ƙarfi har labule ya sauko.