Mabuɗin Gwangwani Wanda Zai Daɗe a Gida

A yawon da muke yi na ziyarar ƙungiyoyin gama kai, sau da yawa mukan tarar da uwargida ta kafa tsinin wuƙa a kan gwangwanin tumatir tana dukan ƙotar da dutse. Wata 'yar ƙungiya ta yi haka ana tsakiyar noman fari, wuƙar ta zame ta tsaga mata tafin hannu. Mako biyu ba ta riƙe fartanya ba, ciyawa kuwa ba ta jira ta ba. Ko da hannu ya tsira, bakin wuƙar yakan lanƙwashe. Shi ya sa muka ga ya kamata mu yi magana a kan mabuɗin gwangwani, ko da yake wasu za su ce ƙaramin abu ne.

Gwangwani ƙarfe ne marar kauri wanda aka shafa wa kuza don kada ya yi tsatsa, irin kuzar nan da aka daɗe ana haƙa a ƙasar Jos. A Ingila aka yi wa Peter Durand rajistar dabarar ajiye abinci cikinsa a 1810. Gwangwanayen farko masu kauri ne ƙwarai, da guduma da kurfi ake fasa su. Sai a 1855 Robert Yeates ya ƙera mabuɗi a Ingila, Ezra Warner ya yi nasa a Amurka a 1858. Mai ɗan faifan yanka ya fito a 1870, aka ƙara masa faifai mai haƙora a 1925. Wato gwangwani ya girmi mabuɗinsa da shekara 45, saboda haka uwargida mai wuƙa da dutse ba ita ta fara ba.

Iri biyu aka fi samu a kasuwanninmu. Na farko shi ne mai ƙugiya, wanda ake soka tsininsa a murfi, a riƙa ɗaga hannu ana saukewa har a kewaye. Ba shi da abin da ke juyawa, don haka da wuya ya lalace, in ya dakushe kuma maƙeri zai wasa shi. Aibinsa guda ne: yakan bar bakin gwangwani da ƙaya-ƙaya kamar zarto. Ɗan'uwansa shi ne ɗan ƙaramin nan mai naɗewa, P-38, da aka yi wa sojan Amurka a 1942. Tsawonsa bai kai ɗan yatsa ba, yana da ƙarko, amma saurin ɓata gare shi sai an ɗaura masa zare.

Na biyu shi ne mai hannu biyu da abin murɗawa. Shi ya fi sauƙin aiki, shi ne kuma aka fi cutar mai saye da shi. Faifai biyu gare shi. Na sama yana yanka murfi, na ƙasa mai haƙora yana cizon leɓen gwangwani yana tura shi gaba. Idan kun ji ana murɗawa amma gwangwani ya tsaya cik, yawanci ba kaifi ne ya ƙare ba. Ko dai haƙoran na ƙasa sun cinye domin ƙarfen mai taushi ne, ko busasshen tumatir ya toshe su, ko kuwa ƙusar da ta haɗa hannuwan biyu ta yi sako-sako har faifan ba sa matse leɓen. Mai kyau shi ne wanda bayan kowane faifai akwai wasu haƙora da ke shiga cikin juna, ta yadda in ɗaya ya juya dole ɗayan ya bi shi. Marar wannan yakan yi aiki wata biyu ko uku, sa'an nan ya fara zamewa.

In za ku saya, ku tafi da gwangwani a aljihu, ku roƙi mai kaya ya bari a gwada. Wanda ya ƙi, ya gaya muku halin kayansa ke nan. Ku ɗaga ku ji nauyinsa. Ku matse hannuwan da ƙarfi, in sun lanƙwashe ku ajiye. Ku girgiza su gefe da gefe ku ji ko ƙusar tana motsi. Abin murɗawa na roba siriri shi ke fara tsagewa, gara na ƙarfe. Ƙyalli ba shaida ba ne, gama akwai waɗanda shafe ne kawai aka yi musu, damina ɗaya tsatsa ta fito. Mai aiki da lantarki kuwa, ba mu ga amfaninsa a ƙauye ba.

A ganinmu gida mai buɗe gwangwani jefi-jefi, tun da yanzu tumatir da madara da yawa a leda suke zuwa, wasu gwangwanayen kuma da zoben ja a murfinsu, mai ƙugiya ya ishe shi. Masu dafa abincin taro da masu sayar da abinci su nemi mai murɗawa mai nauyi. Idan ƙungiya za ta saro wa membobi, a fara sayen guda ɗaya, a ba mai yawan girki ta yi wata guda da shi kafin a taɓa kuɗin asusu.

Jiƙa shi cikin ruwan wanke-wanke shi ke kashe shi. Da an gama, a goge haƙoran da tsohon buroshi, a ɗauraye, a shanya, a ɗiga masa man gyaɗa kaɗan, a rataye a ƙusa inda yara ba sa kaiwa. Kada a sa baƙin mai, domin faifan yana taɓa abinci. A wanke murfin gwangwani kafin a buɗe, gama ƙura da kashin ɓera na kanti duk a kansa suke sauka. Gwangwanin da ya kumbura ko yake yoyo, kada ma a ɗanɗana, a binne shi; akwai ƙwayar cuta mai girma inda babu iska, dafinta yana kisa. Ragowar tumatir a juye cikin kwalba mai tsabta, a zuba mai a kai. Wanda ƙarfe ya yanka da zurfi ya wanke da sabulu, ya je asibiti a duba ko yana bukatar allurar rigakafin cutar sarƙe haƙora.

Gwangwanin da aka yanke bakinsa sumul yana da sauran aiki. Ku danne duk wani tsini da guduma, ku huda gindinsa wuri uku ko huɗu da ƙusa domin ruwa ya tsiyaye, ku cika da ƙasa haɗe da ruɓaɓɓen taki, ku shuka irin gwanda ko zogale. Ranar dashe ku jiƙa ƙasar, ku kifa shi a tafin hannu, dashen zai fito da ƙasarsa.