Kulle Wayar Salula da Buɗe Ta

Kullen da ake yi wa wayar salula iri biyu ne, kuma kowanne da dalilinsa. Na farko shi ne kullen layi, wanda kamfanin sadarwa ke sanyawa don kada wayar ta karɓi katin sim na wani kamfani. Wannan ya fi yawa a Amurka, inda ake sayar da waya bashi, mai saye yana biya wata-wata. Kamfanin yana kare kuɗinsa ne, amma sau da yawa kullen kan ɗaure mutum ko bayan ya gama biya.

An daɗe ana ja-in-ja a kan haka. Lokacin da iPhone ta fito a 2007, layin AT&T kaɗai take ɗauka a Amurka, har sai da wani matashi mai shekara 17, George Hotz, ya buɗe ta a watan Agustan shekarar. A farkon 2013 dokar haƙƙin mallaka ta ƙasar ta daina bai wa masu buɗe waya kariya. Mutane fiye da 100,000 suka sa hannu a takardar koke, kuma a 2014 Shugaba Barack Obama ya rattaba hannu a dokar da ta halatta buɗewar. Kanada ta wajabta sayar da waya a buɗe daga Disamban 2017, Birtaniya ta bi sahu a Disamban 2021.

Kulle na biyu don mai wayar aka yi shi. Apple ya shigo da shi a 2013, Google ya biyo baya a 2015. Ko an goge komai a wayar, ba za ta yi aiki ba sai an shigar da bayanan asusun mai ita, abin da ke rage wa wayar sata daraja.

Bambancin nan ya shafi masu sayen tsofaffin wayoyin hannu da ake shigowa da su kasuwanni irin su Farm Centre a Kano. Hanyar kariya ita ce a sa layi a gwada kira, a tabbatar an cire asusun tsohon mai wayar, sannan a danna *#06# a ga lambar shaidar wayar, wato IMEI, mai alƙaluma 15, a rubuta ta a rasit. Kullen layi yana buɗuwa ta halastacciyar hanya, amma wayar da ke kulle da asusun wani, mai ita ne kaɗai ke da haƙƙin buɗe ta.