Ƙwaƙwalwar mota: Me ya kamata a sani kafin a sauya ta?

A unguwannin masana'antu na Sharaɗa da Challawa da Bompai a birnin Kano, babu labarin da ke tayar wa direban a-kori-kura hankali kamar makanike ya shaida masa cewa "birenbos" ɗin motarsa ya ƙone.

Waɗannan motoci dai su ne ke kwasar robobi da tabarmi da sauran kayayyaki daga kamfanoni zuwa kasuwannin Singa da Sabon Gari, su kuma kai fatu majemu da ke Challawa. Yawancinsu sun kwana biyu, kuma duk ranar da mota ta wuni a gareji, direba da yaron mota da mai ita duk sun yi asarar abin cefane.

Sai dai kuma sau da dama na'urar da ake ɗora wa laifin lafiyarta ƙalau. Inda kuma ta lalace da gaske, akwai abin da ya kashe ta, wanda zai iya kashe sabuwar ma idan ba a gano shi ba.

Mece ce ita?

Birenbos, ko ƙwaƙwalwar mota, wata 'yar kwamfuta ce a cikin akwatin ƙarfe da bai wuce girman littafi ba. A galibin motocin Toyota Hilux tana cikin ɗakin direba ne, a bayan aljihun ajiye takardu da ke gaban fasinja.

Aikinta shi ne karɓar bayanai daga ƙananan ma'aunai da ake kira sensa, waɗanda ke gaya mata yawan iskar da ke shiga inji, da zafin ruwan lagireto, da saurin juyawar injin. Da wannan ne take yanke yawan man da za a fesa, da lokacin da fulogi zai ba da wuta.

A da can kafireto ne ke haɗa mai da iska. A-kori-kura ƙirar Peugeot 504 da aka riƙa harhaɗawa a Kaduna ba ta da wata kwamfuta, kuma makanike mai kunne yana iya daidaita ta da sukundireba kawai.

Dokokin rage hayaƙi ne a Amurka da Turai suka sauya lamarin. A shekarar 1979 kamfanin Bosch na Jamus ya fito da na'urar Motronic, wadda ta haɗa sarrafa mai da wutar fulogi a wuri guda. Daga shekarar 1996 kuma Amurka ta wajabta wa ƙananan motoci wata kafa mai baki 16 a ƙarƙashin sitiyari, wadda ake jona na'urar bincike. Turai ta bi sahu a 2001 ga motoci masu amfani da fetur.

Samfurin Hilux da ya fito a 2004, wanda ya cika titunan Kano, ya zo ne da wannan tsari.

Laifin wani

Alamomin da ake dangantawa da mutuwar ƙwaƙwalwa su ne mota ta ƙi tashi, ko ta mutu a kan hanya, ko ta riƙa shan mai fiye da kima. Matsalar ita ce duk waɗannan alamomi suna iya fitowa daga abubuwan da kuɗinsu bai taka kara ya karya ba: fis da ya ƙone, ko wayar da ke ɗaure da jikin mota ta yi tsatsa, ko famfon mai ya gaji, ko sensar da ke ƙirga juyawar inji ta mutu.

Motar da ke kwana kusa da ɗakunan ajiyar hatsi kuwa, ɓera ma kan yi wa wayoyinta aika-aika.

Shi kansa man yana da nasa. A watan Fabrairun 2022, lokacin da aka shigo da gurɓataccen fetur mai yawan sinadarin metanol cikin Nijeriya, motoci da dama sun riƙa shaƙewa ba tare da kwamfutarsu ta yi laifin komai ba.

Gwajin farko ba ya bukatar ko kwabo. Idan aka murɗa makulli ba tare da tayar da inji ba, ya kamata 'yar fitilar gargaɗi mai siffar inji ta kama. Idan ba ta kama ba, watakila wuta ce ba ta isa ƙwaƙwalwar, don haka sai mai gyaran wayoyi, wato rewaya, ya bi fis da wayoyi ɗaya bayan ɗaya. Lafiyayyar ƙwaƙwalwa kan aika wa yawancin sensa wuta mai ƙarfin bolt 5, abin da ake iya aunawa da mita.

Daga nan sai a jona na'urar bincike. A nan ma akwai inda ake tuntuɓe, domin lambar da na'urar ta nuna tana nuni ne ga sashen da matsalar take, ba lallai ga abin da za a sauya ba. Lambobi irin su P0601 da P0606 ne ke magana kai tsaye a kan cikin ƙwaƙwalwar, kuma ko su ma batir mai rauni kan haddasa su.

Abin da ke kashe ta

A mafi yawan lokuta wuta ce ko ruwa, kuma da hannun ɗan Adam a ciki.

Babban misali shi ne walda. Kusan duk a-kori-kurar da ke jigila a waɗannan unguwanni sai an yi mata ƙarin ƙarafa a baya domin ta ɗauki kaya. Idan mai walda ya kama aiki ba a cire kan batir ba, wutar na iya bi ta wayoyi ta ƙone na'urar.

Haka nan jona batir. A Challawa ko Sharaɗa, wanda ya fi kusa da direban da batirinsa ya mutu sau da yawa direban tirela ne, alhali manyan motoci na aiki da bolt 24, ita kuwa a-kori-kura 12. Juya kan wayoyin ma, ko na ɗan lokaci ne, ya isa.

Akwai kuma tsohuwar al'adar zare kan batir alhali inji na aiki, wai don a gane ko altaneta na caji. A zamanin kafireto an sha yin haka an kwana lafiya. A motar da ke da kwamfuta, ganganci ne.

Sauran su ne kutsawa cikin ruwan da ke kwanciya a titunan masana'antun a watan Agusta, da yoyon gilashin gaba. A motocin shekarun 1990, wasu ƙananan ma'ajiyan wuta da ke cikin akwatin kan tsufa su tsiyayar da ruwan da ke cinye allon. Irin wannan ƙwararren mai gyaran lantarki na iya gyara shi.

Idan sauyawa ta zama dole

Sabuwa fil daga dila ta fi ƙarfin mafi yawan masu tsofaffin motoci, musamman bayan faɗuwar darajar naira, inda dala ta tashi daga kimanin naira 460 a tsakiyar 2023 zuwa sama da 1,500 a farkon 2024. Don haka akasari kasuwar Ƙofar Ruwa ake nufa, ko a yi saƙo zuwa Ladipo a Legas, a nemo wadda aka ciro daga wata motar.

Kamanni ba hujja ba ne. Akwatuna biyu na iya zama iri ɗaya sak, bakin wayoyinsu ma ya shiga daidai, amma ɗaya ta injin fetur ce mai giyar hannu, ɗayar kuma ta mai sauya giya da kanta, ko kuma an tsara ta ne don wata ƙasa. Abin dubawa shi ne lambar da ke jikin takardar da aka manna wa akwatin. A motocin Toyota takan fara ne da 89661, kuma sauran haruffa da lambobin da ke biye su ne ya kamata su dace.

Sai batun makulli. Tun daga 1998 ƙasashe irin su Jamus da Birtaniya suka wajabta na'urar hana sata a sababbin motoci. Akwai wani ɗan ƙwayar lantarki a cikin kan makullin, wanda idan ba a gane shi ba, inji zai yi ta juyawa amma ba zai tashi ba. Ba kowace Hilux ce ke da wannan tsari ba, amma wadda ke da shi, sai an gabatar da sabuwar ƙwaƙwalwar ga makullin ta hanyar na'ura, ko kuma a sayo ta tare da akwatin tsaronta da makullinta. Mutane da dama sun mayar da lafiyayyen kaya kasuwa suna faɗa da ɗan kasuwa saboda rashin sanin wannan.

A injunan gas na zamani kuma, kowace nozul na da lambarta da ake shigar wa kwamfutar, in ba haka ba injin zai riƙa ƙara da hayaƙi.

Masu sayar da kayan wuta ba kasafai suke karɓar abin da ya fita daga shago ba. Saboda haka masu dabara kan yi ciniki ne a kan sharaɗin gwaji, su je da rewaya da kuma tsohuwar na'urar a hannu, a cire kan batir kafin a jona, sannan su riƙe tsohuwar har sai motar ta yi 'yan kwanaki tana ɗaukar kaya, domin wani lokaci daga cikinta ne ake kwafo bayanan makullin.