Kafin a ɗaure kaya: Lissafin da ya kamata iyali su yi idan aiki ya kira su ƙasar waje



Tun daga watan Yunin 2023 da aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, maganar fita waje aiki ta shiga gidajen da a da ba a yin ta. Daga Agege zuwa Sabon Ibadan har unguwannin Abuja, da wuya ka rasa gidan da ake shirya wa nas ko likita ko injiniya takardu. Mafi yawan masu zuwa kantin magani neman shawara suna zuwa ne saura kwana uku su tashi, alhali tambayoyinsu na wata uku ne kafin tafiya. A yau za mu ɗauki ƙasashe biyu da mutanenmu suka fi nufa, Birtaniya da Saudiyya, mu duba abin da ke jiran aljihu da lafiyar iyali.

Albashin takarda daban, na hannu daban

Kuskuren farko shi ne juya albashi zuwa naira. Wanda aka ce za a biya shi fam 30,000 a shekara, da ya buga a waya sai ya ga miliyoyi, ya fara yi wa dangi alkawari. Hausawa sun ce hangen Dala ba shiga birni ba ne. A Ingila fam 12,570 na farko ne kawai ba a cire wa haraji. Abin da ya haura ana cire masa kashi 20 cikin ɗari na haraji, da kashi 8 na inshorar ƙasa. Idan aka lissafa, mai fam 30,000 zai tashi da kusan fam 2,090 a wata, kafin a cire kuɗin fansho. Daga ciki ne zai biya haya, wadda ita ce ke cin kaso mafi tsoka, musamman a Landan da kewayenta, sannan harajin ƙaramar hukuma da ake ɗora wa mazaunin gida ko da ɗan haya ne, sai wuta da gas, waɗanda kuɗinsu ke tashi a lokacin hunturu saboda ɗumama ɗakuna.

A Saudiyya ba a cire harajin albashi, amma akwai harajin sayayya na kashi 15 cikin ɗari tun Yulin 2020. Akwai kuma kuɗin da ma'aikacin kamfani mai zaman kansa yake biya kan duk mutumin da ke ƙarƙashin iƙamarsa, riyal 400 a wata. Mai mata ɗaya da 'ya'ya huɗu zai biya riyal 2,000 duk wata, wato riyal 24,000 a shekara. Don haka kafin a sa hannu a kwantiragi, a tambaya a rubuce: wa zai biya wannan kuɗi? Akwai gida ko alawus ɗin gida? Akwai kuɗin makarantar yara da tikitin zuwa hutu? Abin da ba a rubuta ba, a ɗauka babu shi.

Kuɗin da ake kashewa tun kafin a hau jirgi

Mai neman bizar aiki ta Birtaniya sai ya nuna fam 1,270 sun zauna a asusunsa kwana 28 a jere, sai dai idan wurin aikin ya ɗauki nauyin hakan. Ana ƙara fam 285 na mata ko miji, fam 315 na ɗan fari, da fam 200 kan kowane yaro bayansa. Babban nauyin shi ne kuɗin kiwon lafiya da ake biya tare da biza. Tun Fabrairun 2024 ya koma fam 1,035 a shekara ga babba, fam 776 ga yaro, kuma ana biyan na shekarun bizar ne gaba ɗaya. Miji da mata da yara uku a bizar shekara uku za su biya fam 13,194. Masu bizar ma'aikatan lafiya da iyalansu an ɗauke musu wannan kuɗi. Akwai kuma gwajin tarin fuka da ake yi a asibitocin da aka amince da su, kamar na hukumar IOM a Legas da Abuja.

Idan an sauka, mai gidan haya zai nemi kuɗin ajiya, wanda doka a Ingila ta taƙaita shi zuwa hayar mako biyar, tare da hayar wata na farko, ga albashin farko bai shigo ba. Shi ya sa nake ba da shawarar mai aikin ya fara yin gaba shi kaɗai, ya kama gida, ya karɓi albashi biyu ko uku, sannan iyali su biyo.

A kula da dokoki, domin sun sauya. Tun Maris 2024 an hana masu aikin kula da tsofaffi tafiya da iyali, kuma a Yulin 2025 aka rufe ɗauko sababbinsu daga waje. Duk dillalin da ya ce a ba shi miliyoyi zai samo takardar ɗaukar nauyi ta wannan aiki, a guje shi. Gwamnatin Birtaniya tana wallafa sunayen wuraren aikin da ke da lasisin ɗauko ma'aikata a shafinta na intanet, dubawa kuma kyauta ce. Wani abin da ya shafe mu kai tsaye: dokar shige da ficen ƙasar mata ɗaya take ba wa biza. Mai mata fiye da ɗaya ya zauna da iyalinsa tun da wuri a yi maganar wa za ta tafi, da yadda za a ci gaba da sauke haƙƙin wadda ta zauna.

Jakar magani

Nan ne na fi so a buɗe kunne. Mai hawan jini, ciwon suga, asma, farfaɗiya ko sikila ya je wurin likitansa wata guda kafin tafiya, ya karɓi takarda da Turanci mai ɗauke da sunan ciwon, sunan maganin na asali, ƙarfinsa, da yadda ake sha. Sunan da kamfani ya laƙaba wa magani a nan ba lallai a san shi a can ba. A tafi da abin da zai kai wata biyu zuwa uku, a cikin kwalinsa, kada a juye a leda. Insulin a jakar hannu ake riƙe shi, domin sanyin ɗakin kaya na jirgi yana iya daskarar da shi, kuma insulin da ya daskare ya lalace.

Tiramadol, kodin da dayazifam magunguna ne da ake sa wa ido sosai. Birtaniya tana barin mutum ya shiga da na wata uku idan nasa ne kuma yana da takardar likita. A Saudiyya da Daular Larabawa, shiga da su ba takarda yana kai mutum gidan yari. Ba mu manta da ɗalibar nan da aka tsare a Saudiyya a Disambar 2018 ba, bayan an maƙala sunanta a jakar da ba tata ba mai ɗauke da tiramadol, sai ƙarshen Afrilun 2019 aka sake ta. Kada a karɓi saƙon kowa a filin jirgi, kuma a ƙirga takardun shaidar kaya da aka ba ku. Garin magani na gargajiya marar suna a bar shi a gida. Haka kilishi, dambun nama da man shanu: Birtaniya ba ta barin a shiga da nama ko kayan madara daga Najeriya, ƙwacewa ake yi.

A can ba a shiga kemis a ce a ba ni maganin kashe ƙwayoyin cuta, galibi sai da takardar likita. A makon farko a yi wa kowa rajista da likitan unguwa, wanda suke kira GP, rajistar kyauta ce. A Ingila kowane magani ɗaya da likita ya rubuta fam 9.90 ne, amma yara 'yan ƙasa da shekara 16, masu juna biyu, da masu shan maganin suga ko farfaɗiya ba sa biya idan sun karɓi takardar shaida. Hawan jini da asma ba sa cikin waɗanda aka yafe wa, saboda haka mai shan magani biyu ko uku duk wata ya sayi takardar biyan shekara, ta fi sauƙi. A Saudiyya doka ta ɗora wa kamfani inshorar lafiyar ma'aikaci da iyalinsa, amma a duba wane asibiti katin yake shiga, da ko ya haɗa da haihuwa.

Yara, rana da zazzaɓi

A tafi da katin rigakafin kowane yaro da katin shawara mai ruwan ɗorawa. Likitan can zai duba ya cike abin da babu, kamar rigakafin hangum da na sanƙarau nau'in B, waɗanda ba sa cikin jadawalinmu na yau da kullum. Duk wanda ya san rukunin jininsa na sikila ya riƙe sakamakon.

Rana a Birtaniya ba ta da ƙarfi daga Oktoba zuwa Maris, kuma baƙar fata ba ta saurin haɗa bitamin D. Hukumomin lafiyar ƙasar suna ba da shawarar maikirogiram 10 a rana, ga masu duhun fata da mata masu rufe jiki kuwa har tsawon shekara. Ƙarancinsa yana kawo ciwon ƙashi da kasala, a yara kuma gwamewar ƙafa.

Duk wanda zazzaɓi ya kama a watannin farko bayan sauka ya gaya wa likita daga Najeriya ya zo, a yi gwajin maleriya a ranar. Idan an daɗe a waje garkuwar jiki daga maleriya tana raguwa, yaran da aka haifa a can kuwa ba su da ita sam. Kafin a zo hutun Sallah a nemi maganin kariya, a kwana cikin gidan sauro.

Makarantun gwamnati a Birtaniya kyauta ne, amma rainon ƙananan yara yana da tsada ƙwarai, kuma masu bizar aiki ba su da damar karɓar tallafin gwamnati. Babu kaka, babu maƙwabciyar da za a ajiye wa yaro. Barin ƙaramin yaro shi kaɗai a gida yana iya jawo jami'an kula da yara, dukan yaro kuma haramun ne a dokar Sikotilan da Wales. Idan miji da mata duka za su yi aiki, a tsara wa zai zauna da yara tun kafin a tashi. Matar da za ta zauna a gida kuma kada a bar ta da kaɗaici. A nemi masallaci da ƙungiyar 'yan gida a garin, kuma idan baƙin ciki ko rashin barci ya daɗe, a ga likita.

Daga ƙarshe, a yanka wa 'yan uwa abin da za a iya aikowa duk wata, a faɗa musu gaskiyar lissafin, kuma a ware kuɗin tikitin dawowa da ba a taɓawa. Wanda ya rasa aikinsa a Birtaniya galibi kwana 60 ake ba shi ya sami wani wurin ko ya bar ƙasar. Iyalin da suka yi wannan lissafi a takarda suka ga bai fita ba, jinkirta tafiya ba abin kunya ba ne.

Allah Ya sa a je a sa'a, Ya ba mu lafiya da zama lafiya. Sai mako mai zuwa.