Canki-Canka a Jarrabawar Labarin Ƙasa: Ka Kai Tambayar Gida

Jarrabawa ta ƙarato, kuma na lura da yawanmu sun raina takardar canki-canka, wai ai ko ba ka yi karatu ba za ka dace. To lissafi bai yarda ba. In zaɓi huɗu ne, mai canka ido rufe 25 cikin 100 yake sa ran samu, faɗuwa ke nan. Amma in ka iya fitar da zaɓi biyu da ka tabbata ba su ba ne, damarka ta koma 50. Saboda haka aikin farko shi ne cire amsoshin banza.

Da me za ka cire su? A darasin labarin ƙasa na al'umma, wato wanda ya shafi yawan jama'a, ƙaura, matsuguni da sana'o'i, dabarata ita ce in ɗauki tambayar in kai ta gida. Ni daga yankin Batsari da Safana na fito, kuma wallahi kusan duk abin da ke cikin littafin nan muna ganinsa da ido.

Ɗauki rabe-raben sana'a. Manomin rogo a Batsari yana mataki na farko, don daga ƙasa yake ciro abinsa. Matar da ta mayar da rogon garin kwaki tana mataki na biyu, ta sarrafa. Direban da ya ɗauko buhunan zuwa Katsina yana na uku, hidima yake sayarwa. Duk tambayar da ta zo kan wannan, ko da masunci ko makaniki aka ambata, ka jera mutum ukun nan a kanka ka ga kusa da wa zai tsaya. Haka kasuwar Batsari da ke ci ranar Alhamis: ita ce misalin kasuwar da littafi ke cewa mai ci lokaci-lokaci.

Inda na fi so mu daɗe shi ne ƙaura, domin nan ne harshenmu ke iya yaudararmu. Mu a Hausa kowa ɗan gudun hijira ne. Mai jarrabawa kuwa ya raba su biyu, kuma zai ajiye maka duka biyun a zaɓi. Wanda 'yan bindiga suka kora daga ƙauyensa a bakin dajin Rugu ya dawo cikin garin Batsari, ko Dutsin-ma, ko Katsina, bai bar Najeriya ba, don haka mai gudun hijirar cikin gida ne. Wanda ya tsallaka iyaka ya shiga jihar Maraɗi ta Nijar, kamar yadda dubban mutanen Sakkwato, Zamfara da Katsina suka yi tun daga 2019, shi ne ya shiga ɗaya rukunin. Tambayar da za ka yi wa kanka guda ce: an ƙetare iyakar ƙasa ko ba a ƙetare ba?

Sai kuma ɗan cin rani. Shi ma ya bar gida, amma ba korarsa aka yi ba, kuma da hadari ya fara haɗuwa zai dawo gona. Ƙaurarsa ta lokaci ce, ta ganin dama. In ka ga zaɓin da ya kira ta ta tilas ko ta dindindin, yi waje da shi. Kuma ka iya bambanta abin da ke tura mutum da abin da ke jawo shi: rashin tsaro da ƙarancin gona turawa suke, aiki da makaranta a birni jawowa suke. Masu tsara tambaya suna son cusa mai jawowa guda ɗaya cikin masu turawa uku.

Ko Ravenstein da ake tsorata mu da sunansa, abin da ya rubuta a 1885 ba baƙo ba ne: yawancin masu ƙaura ba sa yin nisa, kuma mataki-mataki suke tafiya. Daga ƙauye zuwa Runka ko Safana, daga nan Katsina, can gaba Kano ko Legas. Wa bai san mai irin wannan tafiyar ba?

Ku yi hattara da zaɓin da ke ɗauke da "duk", "kullum" ko "sam". Harkar mutane ba kasafai take zuwa haka ba. In aka ce duk makiyaya ba su da mazauni, ka tuna Fulanin da ke da rugarsu da gonarsu shekara da shekaru, shanu kawai ake kaiwa kudu da rani a dawo da damina. Wannan kiwon bin yanayi ne, daban yake da yawon wanda ba shi da wurin komawa. Amma fa kar ka mayar da wannan doka. Wani lokacin "duk" ɗin gaskiya ne, sai ka auna.

Sannan akwai 'yar kalmar Turancin nan mai nufin "banda", da 'yar'uwarta mai nufin "ba". Su ne suka fi cin makin masu sauri. Tambaya ta ce duk waɗannan suna haddasa ƙaura banda ɗaya, kai kuma ka ga rashin tsaro a zaɓin farko ka dangwala, alhali wanda ba ya haddasawa ake nema. Ka karanta tambayar sau biyu, ka ba kanka amsa kafin ka kalli zaɓuɓɓukan.

Akwai fa inda gida ba zai cece ka ba, sai hadda. Ƙidayar jama'a ta ƙarshe a Najeriya an yi ta a 2006, ta ba da mutum miliyan 140 da ɗoriya. Kafin ita ta 1991 ce. An ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987 daga tsohuwar Jihar Kaduna, tana da ƙananan hukumomi 34. Malthus ya fitar da ra'ayinsa kan yawan jama'a da abinci a 1798. Cunkoson jama'a kuwa raba yawan mutane za ka yi da faɗin ƙasa. Ƙaruwar jama'a ta ɗabi'a haihuwa ce a debe mutuwa, babu ruwanta da masu shigowa. Don haka cikar da garin Batsari ya yi da mutanen ƙauyuka ba ta cikin wannan lissafin, ko da zaɓin ya yi daɗin ji.

Batun lokaci: in tambaya 50 ce a minti 60, kowace tana da minti ɗaya da 'yan daƙiƙoƙi. Wadda ta cije ka yi mata alama ka wuce, ka dawo daga baya. Kafin a fara kuma ka tambayi malamin darasin ko ana rage maki kan amsar da ba daidai ba. In ba a ragewa, kar ka bar gurbi ko ɗaya babu amsa.